Kana Son Tuƙin Tirela? Mu Yi Maganar Koyo da Aikin Farko

Tun makon jiya saƙonni ke shigo mini daga samarin Kawo, Unguwar Dosa da Rigasa, kuma tambayar kusan ɗaya ce: mutum yana son ya zama direban babbar mota, ta ina zai fara? Har da masu digiri irina a cikin masu tambayar, kuma ni ban ga abin kunya a ciki ba. Buhun masarar da ke barin Saminaka zuwa Legas ai ba da ƙafa yake tafiya ba.

To, hanyar da kowa ya sani ita ce ta yaron mota. Ka je Mararrabar Jos, ka samu direba ya ɗauke ka, ka wanke mota, ka ɗaure tamfol, ka canza taya, ka kwana a ƙarƙashin bodi kana gadin kaya. Kar wanda ya raina wannan makarantar. A nan za ka san kukan inji idan ba shi da lafiya, ka san yadda ake sauka gangare da lodi a ƙaramar giya ba tare da an ƙona birki ba, ka iya ribas da bodi, wanda shi ne ke raba direba da mai riƙe sitiyari kawai. Matsalarta ɗaya: ba ta da ranar gamawa. Na san wani ɗan unguwarmu da ya shekara huɗu yana bin mota, maigidan nasa bai taɓa barinsa ya ja ta ba sai a cikin gareji. Don haka tun ranar farko, a gaban babanka ko yayanka, a yi magana a fili: yaushe zan fara taɓa sitiyari?

Sai maganar takarda, inda da yawa ke faɗawa rami. Lasisin ƙaramar mota, wato aji B, ba ya ba ka damar jan tirela. Motar da ke da kai daban da bodi daban aji G take buƙata. Kuma lasisin tuƙin haya sai ka kai shekara 26, ba 18 ba kamar na motar gida. Hanyar ita ce makarantar tuƙi da hukumar FRSC ta amince da ita, sannan gwaji a wurin VIO, sannan a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Duk wanda ya ce kawo kuɗi da fasfo, jibi ka zo ka karɓa, wallahi jabu zai ba ka, kuma ranar da babban kamfani ya duba lambar a kwamfuta, ranar asirinka zai tonu.

Kafin ka biya kowace makaranta, ka ce a nuna maka motar da za ka koya da ita. Wasu allon ne kawai ke da hoton tirela, a ciki ƙaramar mota ce guda ɗaya. Nan kusa da mu akwai NITT a Basawa, Zariya, cibiyar gwamnatin tarayya ta harkar sufuri, ka shiga mota ka je ka tambaya da bakinka. Kamfanin simintin Dangote ma yana da makarantar direbobin tirela a Obajana, jihar Kogi. A ganina, wanda ya haɗa biyun, bin mota da takardar makaranta, shi ne ke gaba.

Yanzu aikin farko. Kar ka fara da tanka. Mai yana motsi a cikin tanki, idan ka taka birki ko ka sha kwana sai ya tura motar, ga kuma wuta. Tifar yashi ko motar kaya mai zirga-zirga tsakanin Kaduna, Zariya da Kano ta fi maka, ka saba da nauyi tukuna kafin ka kama hanyar Birnin Gwari zuwa Mokwa da Jebba.

Kuma kar albashi ya rufe maka ido. Ka tambaya: albashin wata ne ko kuɗin tafiya? Lita nawa ta gas ake bayarwa zuwa Legas, kuma idan bai kai ba wa zai cika? Taya ta fashe, aljihun wa? Kaya sun yi ƙasa da abin da ke rubuce a takarda, daga albashin wa za a cire? Yawancin wurare za su ce ka kawo mai tsaya maka. Wannan bawan Allah kawunka ne ko limamin unguwarku, shi za a kama idan abu ya ɓaci, don haka a karanta masa takardar kafin ya sa hannu.

Abu na ƙarshe da zan so ka lura da shi, kwana nawa ake ba direba ya kai kaya. Dokar hanya ta ce tirela kar ta wuce gudun kilomita 60 a awa ko a kan babban titi. Mai motar da ya ce ka tashi Kaduna yau, gobe da sassafe kana Apapa, ya san ba za ka yi barci ba, kuma daga nan ne yara ke fara shan ƙwaya don ido ya bushe. Ka je garejinsu, ka zauna wurin mai shayi da tsofaffin direbobin kamfanin, ka ji ko ana biya a kan lokaci, ka duba tayoyin motocin da idonka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar ƙungiyoyi, NURTW da NARTO, da abin da katinsu ke yi maka a hanya. Ku ci gaba da turo tambayoyinku.