Yarinyar Da Gwamnati Ta Sake Wa Launi Sau Uku

'Yan'uwana mata, kun san abin da akan yi ran suna. Da an miƙo jariri sai mata su rufu a kansa, wannan ta duba hanci, waccan ta duba yatsu, wata kuma ta murza bakin kunne ta ce ai yaron nan zai yi duhu in ya girma. Galibi raha ce, a yi dariya a watse. Amma akwai ƙasar da ta taɓa mai da wannan dube-dube doka, ta ɗauki ma'aikata tana biyansu albashi don su dubi fatar mutum da gashinsa su yanke masa asali. Ƙasar kuwa ita ce Afirka ta Kudu, a zamanin mulkin wariyar launin fata.

A shekarar 1950 gwamnatin Turawan ƙasar ta kafa dokar rajistar jama'a. Tilas a rubuta kowa a ɗayan aji uku: Bature, ko baƙar fata, ko wanda suke kira Kalad, watau mai ruwa biyu. Daga baya aka ware wa Indiyawa nasu. Ajin da aka sa mutum shi ne zai nuna unguwar da zai zauna, da makarantar da zai shiga, da wanda zai aura, gama tun 1949 an hana aure tsakanin Bature da wanda ba Bature ba. To, yaya za a gane Bature? Dokar ta ce a dubi kamanninsa, a kuma duba ko jama'a sun ɗauke shi Bature. In abin ya rikice sai a kai shi gaban hukumar tantance launi. Daga cikin dabarunsu har da soka fensir a gashin mutum, a ce ya girgiza kai. In fensirin ya faɗi, gashin na Turawa ne, in ya maƙale kuwa an gama da shi. Ku ji fa, manyan mutane masu ilmi, da fensirin 'yan makaranta.

A cikin wannan hali aka haifi Sandra Laing a 1955, a garin da a lokacin ake kira Piet Retief, kusa da iyakar Suwazilan. Ubanta Abraham da uwarta Sannie Turawa ne, 'yan kabilar Afirkana, masu kanti a ƙauye, kuma magoya bayan jam'iyyar da ta kafa dokar. Sai ga 'yarsu ta fito wankan tarwaɗa, gashinta a murɗe. A gida ba abin da ya dame ta. Da aka kai ta makarantar kwana ta 'ya'yan Turawa, nan ne magana ta tashi. Yara suka dinga tsokanarta, iyayen yara suka dinga kai ƙara, har a 1966, tana 'yar shekara 10, aka kore ta. 'Yan sanda biyu suka rako ta gida, hukuma kuma ta rubuta ta Kalad.

Uban bai yarda ba. Ya shiga shari'a, labari ya bazu a jaridu. Aka gwada jininsa da na yarinyar, gwajin bai kore shi daga zama ubanta ba. Iyakar abin da gwajin jini na wancan zamani ke iya nunawa ke nan, don gwajin ƙwayoyin gado da ake yi yanzu sai bayan 1980 aka same shi. A 1967 aka gyara dokar, aka ce ɗan da iyayensa biyu Turawa ne shi ma Bature ne, ko da wace irin kama ya zo. Sandra ta koma Baturiya a takarda. Amma ku lura da abu guda: uban bai yi faɗa da dokar ba, bai ce wariya zalunci ce ba. Abin da ya nema kawai a sa 'yarsa a gefen da ya ga ya fi.

Watakila wata za ta tambaya, ta yaya farare biyu za su haifi mai duhu? 'Yan makaranta, ku saurara da kyau. Launin fata yana zuwa ne daga wani sinadari da ake kira melanin, wanda jikin kowa ke yi, na wani da yawa, na wani kaɗan. Abin da ke tsara yawansa ba ƙwayar gado ɗaya ba ce, suna da yawa, kuma kowane yaro rabi yake samu daga uwa, rabi daga uba. Ba kamar dama fura da nono ba ne, inda kowane ludayi zai fito iri ɗaya. Ya fi kama da ƙwarya cike da wake fari da ja, kowane ɗa ya zo a dumbuza masa. Wani ya sami fari da yawa, wani ja. Shi ya sa za ku ga 'yan ɗaki ɗaya, wannan fara sol, ƙanwarta baƙa, kuma duk jini ɗaya ne. Turawan Holan sun sauka ƙarshen kudancin Afirka tun 1652, kuma a farkon zamansu waɗansu sun haihu da matan ƙasar da bayin da aka kawo daga Madagaska da Indiya da Indonesiya. Saboda haka gidajen Afirkana da yawa suna da kakanni baƙaƙe can baya, ko sun sani ko ba su sani ba. Abin da ya ɓuya shekara ɗari biyu yana iya haɗuwa a jikin yaro guda.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu. Malamai suna karantar da hadisin mutumin da ya zo wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana zargin matarsa don ta haifi baƙin yaro. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma akwai mai ruwan toka a ciki, kuma da bakinsa ya ce watakila gado ne ya jawo. Aka nuna masa ɗansa ma haka ne. Duk da haka har yau akwai uwar miji da za ta dubi jika ta taɓe baki ta ce, "Mu dai ba mu da irin wannan a gidanmu." Maganar ba ta fi numfashi ɗaya ba, amma uwar yaron ce za ta kwana da ita, yaron kuma ya tashi yana jin ana tambayar wa ya ɗauko. Haka 'ya'yan da uwarsu ko ubansu Kwara ne ko Bature suke sha a makaranta, a kira su da sunan launinsu a bar sunan da aka yanka musu rago.

Abin mamaki, a Amurka akasin haka aka yi. Can ba kama suke dubawa ba, jini suke ƙirgawa. Dokar jihar Bajiniya ta 1924 ta ce wanda ke da ko ɗigon jinin baƙar fata ba Bature ba ne. Akwai wani Walter White, mai farin gashi da shuɗin ido, wanda kowa ya gan shi zai rantse Bature ne, amma baƙar fata ya ɗauki kansa, kuma shi ya shugabanci babbar ƙungiyar neman 'yancin baƙaƙen Amurka har ya mutu a 1955. Yakan shiga cikin Turawan kudancin ƙasar ya jiyo yadda suka kashe baƙaƙe, ba su san ko wane ne ba. Da a Afirka ta Kudu aka haife shi, da wuya a hana shi kujerar Turawa.

Mu koma ga Sandra. Takarda ta ce Baturiya ce, amma idon mutane bai karanta takarda ba. Makarantu da dama suka ƙi karɓarta, sai wata ta 'yan Katolika can nesa da gida. Turawan garinsu suka guje ta. Waɗanda ke yi mata fara'a su ne baƙaƙen da ke zuwa kantin ubanta, ga shi kuwa tana jin harshensu tun tana ƙarama. Ba ta wuce shekara 16 ba ta gudu Suwazilan da wani saurayi baƙar fata mai sayar da kayan lambu. Aka kama ta saboda ƙetare iyaka ba izini, ta yi wata uku a kurkuku. Uban nan da ya ƙarar da ƙarfinsa a kanta ya ce ba shi ba ita.

Sa'an nan wata wahalar ta taso. A doka Baturiya ba ta da ikon zama da miji baƙar fata, kuma ana iya raba ta da 'ya'yan da ta haifa, tun da ajinsu dabam, nata dabam. Don haka da kanta ta nemi a mai da ita Kalad. Uban ya ƙi sa hannu, sai da ta kai shekara 26 ta samu. Sauyi na uku ke nan. Auren ma bai yi daɗi ba, ta fita ta yi ta fama da talauci da renon 'ya'ya.

An soke dokar hana aure a 1985, ta rajista kuma a 1991, amma uban ya riga ya mutu ba su shirya ba. Sai a shekarar 2000 wata jarida ta taimaka mata ta gano uwarta a gidan kula da tsofaffi, suka gana, uwar ta rasu a 2001. A 2008 aka yi fim ɗin rayuwarta mai suna Skin. Wadda ta fito a matsayin Sandra ita ce Sophie Okonedo, haifaffiyar Landan, uwarta Bayahudiya, ubanta ɗan Nijeriya. Har lokacin da fim ɗin ya fito, 'yan'uwan Sandra maza biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ba su yarda sun sadu da ita ba.