Idan Tsohuwar Kwamfuta Ta Kama Ƙara da Jan Ƙafa Bayan An Sauya Mata Kaya

Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ke aiki a shagunan buga takardu, makarantu da ɗakunan haɗa bidiyo na garuruwanmu, tsofaffin kayan ofis ne da suka gama wa'adinsu a Turai da Amurka aka kwaso su. Dell OptiPlex 790, 7010 da 9020, HP Compaq Elite 8200 da 8300, da takwarorinsu na Lenovo ThinkCentre, duk 'yan tsakanin 2011 da 2014 ne. Suna da ƙarko, kayansu kuma suna da araha, shi ya sa wanda ya samu ɗaya yakan yi ƙoƙarin ƙara mata ƙarfi: a ƙara ram, a cire tsohon had-dis a sa SSD, a fitar da furosesa Core i3 a dasa i5 ko i7, wani har ya soka katin hoto.

Sai a kunna a ji fanka ta ɗauki ƙara ba ta sassautawa, ko a ga i7 ɗin da aka kashe wa kuɗi yana jan ƙafa fiye da i3 da aka cire. Mai kwamfuta yakan ce an sayar masa da jabu. Hakan na faruwa, amma sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, kwamfutar ce take kare kanta daga wani abu. Aikin mai gyara shi ne ya gano daga me take kare kan nata, kafin ya taɓa ko da noti ɗaya.

Inda zafin yake fitowa

Duk wutar da furosesa ya ci, zafi take komawa. Intel yana rubuta wa kowane samfuri adadin zafin da ya kamata a tanadar wa hanyar fita, ana kiransa TDP, da wat ake auna shi. Core i3-2100 na da wat 65, i7-2600 da ake maye gurbinsa da shi kuma 95. Haka i3-3220 na da 55, i7-3770 na da 77. I3-4130 na da 54, i7-4790 na da 84. Ke nan wanda ya yi irin wannan sauyi ya ƙara wa akwatin zafin wat 22 zuwa 30 lokaci guda, a kan ƙarfen sanyaya da fankar da suka shekara goma suna shan ƙura.

A cikin furosesan kansa akwai ma'aunan zafi. Idan suka nuna an kai iyaka, wato wajen digiri 100 na Salsiyos, ko 105 ga i7-3770, sai ya rage gudunsa ya rage wutar da yake ja, kamar direban da ya ga allurar zafi ta hau ja ya ɗaga ƙafa daga totur. Tun zamanin Pentium 4, wanda ya fito a 2000, Intel ke saka wannan kariya. In rage gudun bai wadatar ba, kwamfutar ta mutu ɗif ba tare da gargaɗi ba.

Ita kuwa fanka, babban allon kwamfutar ne ke ba ta umarni bisa abin da ma'aunan zafi suka faɗa masa. An tsara shi ne ta yadda in ya daina jin ɗaya daga cikinsu, ya ɗauka mafi munin hali ake ciki, ya saki fanka a kan iyakar gudunta. Wannan ya sa ƙarar fanka ba koyaushe take nufin zafi ba, jan ƙafa ma haka.

A auna tukuna

Manhajojin HWiNFO da Core Temp kyauta ne, suna nuna zafin furosesa, Task Manager na Windows kuma yana nuna gudunsa da GHz. A buɗe su, a ba kwamfutar aiki mai nauyi, irin su gwajin Cinebench ko fitar da bidiyo, na minti goma, ana kallon lambobin biyu tare. In zafi ya haura 95 gudu kuma ya fara sauka, zafin gaske ne. In fanka na ihu alhali zafin bai wuce 45 ba, matsalar waya ce ko ma'auni. In kuwa gudun ya maƙale a wuri ɗaya, 0.79 GHz a 'yan zango na huɗu irin su i7-4790, ko 1.6 GHz a 'yan zango na biyu da na uku irin su i7-2600 da i7-3770, furosesan kuma da sanyinsa, to a duba ɓangaren wuta.

Kada a yi wannan gwaji a ranar da aka ɗora sabuwar Windows. A wannan lokacin tana sauke sabuntawa tana lissafa fayiloli, furosesa na aiki ba hutu, fanka kuma dole ta tashi. A bari ta gama.

Zafin gaske

Yadda zafin ke hawa ma yana da labari. Wanda ya tashi daga 40 zuwa 100 cikin 'yan daƙiƙoƙi yana nuna ƙarfen sanyaya bai zauna a kan furosesa yadda ya kamata ba. Wanda yake hawa sannu a hankali har ya cika bayan minti takwas ko goma kuwa, ƙarfen ya zauna, iska ce ba ta fita da zafin.

A hali na farko, wanda aka fi zargi shi ne man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen. Fuskokin biyu suna da santsi a ido, amma akwai ƙananan ramuka da iska ke maƙalewa a ciki, iska kuwa ba ta kai zafi. Man shi ke cike ramukan. Na asali da ya zo da kwamfutar ya riga ya bushe ya zama garin alli, kuma da zarar an ɗaga ƙarfen ya tashi aiki. Mai gyara da yake sauri yakan mayar da ƙarfen a kan busasshen man haka nan, daga nan ne mafi yawan wannan matsala ke farawa. A goge fuskokin biyu tas da sinadarin isopropyl da tsumma mai tsabta, a ɗiga sabon mai gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya, a bar nauyin ƙarfen ya baje shi. Ban da giris ɗin mota, ban da man goge baki. Na farko yana narkewa ya zube, na biyu yana bushewa cikin kwanaki. Notuna huɗun da ke riƙe ƙarfen a riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan a gicciye, daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, don kada ƙarfen ya karkace. In sabon ƙarfe ne, a duba ƙasansa, sau da yawa akwai siririyar leda da ake mantawa ba a ɓare ba.

A hali na biyu, ƙura ce kan gaba. Ƙurar hunturu tana taruwa tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen har ta zama dunƙulen auduga, kuma ba a ganinta sai an kwance fankar. Lokacin hura ta da bulowa a riƙe fukafukan fankar da yatsa, domin juyin da ya wuce kima yana cinye boris ɗin da take juyawa a kai. Ƙananan akwatuna masu lakabin SFF da dama suna da murfin roba da ke bi da iska daga fanka zuwa waje. Wasu suna ajiye shi gefe suna ganin ado ne, sai zazzafar iskar ta riƙa zagayawa a ciki. Haka nan buɗe gefen akwati a kafa masa fankar ɗaki dabara ce ta ɗan lokaci, amma tana ninka ƙurar da ke shiga.

Akwai kuma abin da masu ƙera waɗannan injina ba su yi lissafi da shi ba, wato ɗakunanmu. Dell ya rubuta cewa OptiPlex 7010 ta yi aiki a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba. A watan Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan haura 40, shagon kwano kuma ya fi waje zafi. Ƙarfen sanyaya da iskar ɗaki yake aiki, saboda haka furosesan da ke tsayawa a 75 a ofis mai digiri 22 zai doshi 93 a ɗaki mai 40, ba tare da komai ya lalace ba. Saboda wannan nake ganin duk mai sayen i7 don shagon da babu na'urar sanyaya ɗaki ya nemi mai harafin S a ƙarshe. Core i7-3770S wat 65 ne kacal, kuma yana iya tashi zuwa 3.9 GHz kamar ɗan'uwansa mai 77. Akwatunan da suka fi SFF ƙanƙanta ma dama 'yan S ko 'yan T aka ƙera su dominsu. Sa musu mai wat 84 ko 95 neman wahala ne ko da ya shiga mazauninsa.

Wanda ya riga ya sayi mai wat da yawa yana da mafita a cikin Windows. A saitin wuta akwai wurin da ake ƙayyade iyakar aikin furosesa. In aka mayar da shi kashi 99 daga 100, Turbo Boost, wato ƙarin gudun da furosesa ke yi sama da wanda aka rubuta masa, ya daina aiki. Za a rasa ɗan gudu, amma zafi da ƙara su sauka sosai, kuma 3.4 GHz da ba ya motsi ya fi 3.9 da ke faɗuwa kowane minti.

Fanka na ihu, kwamfuta da sanyinta

Fankar zamani wayoyi huɗu gare ta: biyu na wuta mai bolt 12, ɗaya na gaya wa allo saurin juyinta, ɗaya kuma na karɓar umarnin ragewa ko ƙarawa. In ta huɗun ba ta haɗu ba, fanka ba ta san komai ba sai iyakar gudu. Haka ke faruwa idan aka sa fanka mai waya uku a mazaunin mai huɗu. Dell kuma ya ƙara wa lamarin wuya: a OptiPlex irin su 790 da 7010 mazaunin fanka mai fil biyar ne, jerin wayoyinsa ya saɓa da na kasuwa. Kada a tura fankar kasuwa a ciki da ƙarfi. Akwai 'yar wayar haɗi da ake sayarwa don wannan, ko a nemi fankar Dell daga matacciyar kwamfuta irinta.

Waɗannan OptiPlex ɗin suna da siririyar waya mai ma'aunin zafin iska a kanta, maƙale a jikin akwati. Tana saurin zarewa lokacin da ake kiciniyar sa katin hoto, kuma masu mayar da allon cikin sabon akwati sukan bar ta a tsohon. Kwamfutar takan faɗi abin da ke damunta tun a baƙin allon farko, ta nemi a danna F1. Mutane suna dannawa su wuce ba su karanta ba, alhali amsar tana rubuce a wurin. A HP saƙon da lamba yake zuwa: 511 fankar furosesa ce ba a gani ba, 515 kuma ta akwatin wuta, wanda kan bayyana bayan an sauya shi da na kasuwa.

A leƙa BIOS ma. Dell yana da wani zaɓi mai suna Fan Control Override, wanda in an kunna shi fanka ke tafiya da cikakken gudu har abada. HP yana da Fan Idle Mode da ke ɗaga mafi ƙarancin gudunta. In agogon kwamfuta na ɓacewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, batirin CR2032 na kan allo ya mutu, saitin BIOS ba zai zauna ba sai an sauya shi.

Masu iMac na 2009 zuwa 2011 nasu daban ne. Apple yana karanta zafi ne daga cikin had-dis ɗin da ya zo da injin, don haka da an sa SSD sai fanka ta tashi. Maganinsa wayar da ke ɗauke da nata ma'aunin, irin wadda kamfanin OWC ke yi, ko manhajar Macs Fan Control da za a ce wa ta bi zafin SSD ɗin.

Ƙarar gurnani ko kaɗawa kuwa ba daga umarni take ba, fankar ce ta tsufa. Ɗigon mai zai kwantar da ita na 'yan makonni, sauyawa ita ce gyara.

Idan wuta ce ta gaza

Akwatin wutar OptiPlex 7010 SFF wat 240 ne, na mai dogon akwati kuma 275. An auna su ne don aikin ofis. Katin hoto irin GT 1030 mai wat 30, ko GTX 1050 Ti mai 75 da ke shan wutarsa daga ramin PCIe kaɗai, za su iya zama lafiya. Wanda ya fi haka yana jawo mutuwar kwamfuta a tsakiyar aiki, zafinsa kuma a cikin akwatin yake zubewa ya ƙara wa furosesa nauyi. 'Yan ƙananan OptiPlex Micro, masu aiki da adafta irin ta laftof, suna tantance adaftar ta wani siririn fil da ke tsakiyar bakinta. In jabu ce, ko fil ɗin ya karye, ko wat ɗinta bai kai ba, BIOS da kansa yake danne gudun furosesa. Nan babu abin da man shafawa zai yi, adafta ta asali ake nema.

Akwai kuma hanyar da sauran sassan allo ke bi su umarci furosesa ya rage gudu ko da shi bai yi zafi ba, sunanta BD PROCHOT. Manhajar ThrottleStop tana iya toshe wannan umarni, gudu ya dawo nan take, shi ya sa ta yi farin jini. Amma umarnin yakan fito ne daga ɗayan biyu: ma'aunin da ya lalace yana ƙarya, ko kuma sassan da ke daidaita wa furosesa wuta, waɗanda ke kewaye da mazauninsa, sun yi zafi da gaske saboda an ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. A na farko toshewar ba ta da laifi. A na biyu, allon ne zai ƙone. Kada a cire wannan kariya sai an tabbatar iska na ratsa wurin, kuma furosesan yana cikin jerin waɗanda kamfanin ya amince wa wannan samfurin.

Jerin nan yana da muhimmanci, domin shiga mazauni ba shi ne dacewa ba. OptiPlex 790 da 990 mazauninsu LGA1155 ne, daidai da na i7-3770, amma ba sa ɗaukar 'yan zango na uku ko kaɗan. Inda allo ke ɗauka, sau da yawa sai an sabunta BIOS kafin ya san yadda zai bi da wuta da fankar sabon furosesa, kuma gara a yi sabuntawar tun tsohon yana ciki. A yi ta a kan UPS ko inbata mai cikakken caji: in wuta ta ɗauke ana tsaka da rubuta BIOS, allon na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Bayan kowane gyara ɗaya a maimaita gwajin minti goman nan kafin a taɓa wani abu, don a san wanne ne ya yi aiki. Kwamfutar da ta samu lafiya, a ɗaki mai matsakaicin zafi, takan zauna tsakanin digiri 35 da 50 in ba ta aikin komai, ta tsaya ƙasa da 85 a kan aiki mai nauyi, gudunta kuma kada ya sauka ƙasa da wanda aka rubuta wa furosesan, wato 3.4 GHz ga i7-3770, 3.6 ga i7-4790. Lokacin da ya fi dacewa a buɗe ta a kakkaɓe ƙura shi ne ƙarshen Fabrairu, bayan hazo ya ja baya, kafin zafin bazara ya shigo.