Gwajin Ƙwaya Ga Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi: Kofin Fitsari Kaɗai Bai Isa Hujja Ba

BAUCHI — A watan Disamba na 2025 Gwamnatin Tarayya, ta ofishin Sakataren Gwamnati, ta umarci ma'aikatu da hukumominta da su riƙa yi wa duk mai neman aiki gwajin miyagun ƙwayoyi kafin a ba shi takardar ɗauka, tare da haɗin gwiwar Hukumar Yaƙi da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, wato NDLEA. Umarnin bai shafi ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kai tsaye ba. To amma duk wanda ya san tafiyar aikin gwamnati ya san cewa abin da aka fara a Abuja ba ya daɗewa bai iso sakatariyar ƙaramar hukuma ba. Saboda haka ya dace ƙananan hukumomi 20 na Jihar Bauchi su yi nazari tun yanzu, musamman Ƙaramar Hukumar Bauchi wadda ma'aikatanta suka bazu daga cikin ganuwa har ƙauyukan gundumar Zungur.

Idan dai ba a manta ba, Kano ce ta yi gaba a wannan al'amari. Kafin zaɓen ƙananan hukumomi na watan Janairu na 2021 an gindaya wa 'yan takara sharaɗin gwaji, aka kuma ba da sanarwar cewa 13 daga cikinsu sun faɗi. A zaɓen watan Oktoba na 2024 hukumar NDLEA ta ce ta samu 20. Damuwar da ta haifar da wannan mataki tana da tushe. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuffuka, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 daga cikin 100. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu shan magungunan kashe ciwo irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba miliyan 4.6, masu shan maganin tari mai kodin kuma miliyan 2.4.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake gwajin. Abin da aka fi amfani da shi wani kofi ne ko ɗan allo na roba da ake tsomawa a fitsari, sakamako ya fito cikin kamar minti biyar. Likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin tankaɗe na farko kawai, domin yana kuskure ta ɓangare biyu. Yana iya kama marar laifi: maganin tarin fuka na rifampicin da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ofloxacin kan fito kamar mutum ya sha kodin ko ɗan'uwansa, haka nan maganin ƙanjamau na efavirenz kan fito kamar wiwi a wasu kofunan. Yana kuma iya sakin mai laifi: layin da ke kama kodin da mofin ba ya ganin tiramadol, sai an sayi kofin da aka yi masa layinsa na musamman. Ƙaramar hukumar da ta ba da kwangilar kofuna masu araha ba tare da ta duba wannan ba, ta kashe kuɗi ne kan gwajin da bai ga ɗaya daga cikin ƙwayoyin da suka fi addabar Arewa ba.

Akwai kuma batun lokaci. Kodin kan ɓace daga fitsari cikin kwana biyu ko uku, alhali alamar wiwi kan kai wata guda a jikin wanda ya saba sha kullum. Ke nan idan aka sanar da ranar gwaji mako guda kafin lokaci, mai shan kwalba zai daure ya tsallake. Bugu da ƙari, fitsari ba ya faɗin ko mutum yana cikin maye a bakin aiki a wannan rana. Abin da yake nunawa shi ne ƙwayar ta ratsa jiki a kwanakin baya.

Amurka, wadda ta fara gwajin ma'aikatan tarayya bisa umarnin Shugaba Ronald Reagan a 1986, ta sha fama da ƙararraki kafin ta daidaita tsarinta. A ƙa'idar ma'aikatar sufuri ta can, ana auna ɗumin fitsarin cikin minti huɗu don hana musanya, a raba shi kwalba biyu, a liƙe su a gaban mai shi ya sa hannu. Idan gwajin farko ya nuna alama, sai a tabbatar da babbar na'urar tantance sinadarai a ɗakin gwaji. Daga nan likita mai zaman kansa ya tambayi ma'aikacin irin magungunan da aka rubuta masa, kuma yana da awa 72 ya nemi a buɗe kwalba ta biyu a wani ɗakin gwajin dabam. Kotun Ƙolin ƙasar ta amince a 1989 da gwada ma'aikatan jirgin ƙasa bayan haɗari, amma a 1997 ta soke dokar Jihar Jojiya da ta tilasta wa 'yan takara gwaji, bisa hujjar cewa ba a nuna wani haɗari na zahiri ba. Ba lalle ne kotunanmu su bi wannan ra'ayi ba, sai dai sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 shi ma ya kare sirrin ɗan ƙasa.

Idan aka ɗora wannan tsari a kan gundumar Zungur, wahalarsa za ta fito fili. Ma'aikacin ɗakin shan magani ko mai karɓar haraji a kasuwar Liman Katagum, ko dai ya bar aikinsa ya shigo Bauchi, ko kuma a je a same shi, fitsarin ya bi hannuwa da dama kafin ya iso ɗakin gwaji. Kowane hannu da ba a rubuta sunansa ba ƙofa ce ta musanya, ko ta “a taimaka”, kamar yadda aka saba faɗa. Masu yin kofunan kan rubuta cewa kada zafin ma'ajiya ya wuce digiri 30, ga shi kuwa zafin Bauchi a watannin Maris da Afrilu yakan doshi 40. Ɗan kasuwar da ke hangen wannan kwangila ya sa kuɗin ajiya mai sanyi da ranar lalacewar kaya a lissafinsa tun kafin ya miƙa takardar neman aiki.

A ra'ayin wannan marubuci, gwada kowa da kowa asara ce. Masinja da magatakarda ba su ɗauke da haɗarin da direban motar asibiti ko na tankar ruwa yake ɗauke da shi, ko mai riƙe da makullin ɗakin magani, ko mai riƙe da rasit na kuɗin shiga. Waɗannan su ya kamata a fara da su, ta hanyar ƙuri'a ba tare da sanarwa ba, kuma bayan duk wani haɗari. Ƙuri'ar tana da muhimmanci, domin inda shugaban sashe ne ke zaɓen wanda za a gwada, gwaji kan koma bulalar siyasa duk lokacin da mulki ya sauya hannu.

Sauran tambayoyin na kuɗi ne da na iko. Ma'aikata daga mataki na 07 zuwa sama suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha, na ƙasa da haka kuwa ƙaramar hukuma ce ke ɗaukarsu tana ladabtar da su, don haka sai an yi ƙa'ida guda da za ta ɗaure ɓangarorin biyu. Hukuncin Kotun Ƙoli na ran 11 ga watan Yuli, 2024, kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya sa da wuya kansiloli su ce kasafin gwajin ba nasu ba ne. Ɗora kuɗin a kan ma'aikacin da ke ƙasan tsanin albashi, alhali mafi ƙanƙancin albashi na ƙasa Naira 70,000 aka yanke a 2024, ba zai yi wa ƙungiyar ma'aikata ta NULGE daɗi ba.

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin abubuwan da ake tsananta sirrinsu, saboda haka sakamakon gwaji ba abin liƙawa a allon sanarwa ba ne. Binciken nan na 2019 ya nuna ɗaya daga cikin biyar na masu shan ƙwaya ya riga ya kamu har yana bukatar magani. Ƙa'idar da za a rubuta tilas ta faɗi ko irin wannan ma'aikaci za a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko sashen nasiha na NDLEA, wata nawa za a ba shi, da kuma ko albashinsa zai ci gaba a wannan tsakani.