Sai An Sha Wuya A Kan Tuna Allah

 Yau maganarmu a kan wahala ce, da abin da ta kan yi wa zuciyar mutum.

Niyu Bel ta san wuya tun daga tushenta. Jamusawa ne suka yanka ta a zamanin mulkinsu, domin su kawar da baƙar fata daga bakin kogin Wuri. Sarki Rudolf Duwala Manga Bel ya ƙi yarda a ƙwace ƙasar mutanensa, aka rataye shi a 1914. Daga baya baƙi suka cika wurin, har da kakanninmu masu fataucin goro da shanu. A watan Afrilu na 1960 gobara ta cinye unguwar Kwango, mutane da yawa suka kwana a fili. A 1994 aka karya darajar sefa, jarin ɗan kasuwa ya koma rabi a dare ɗaya.

To, ɗan'uwana, ka lura da wannan. Sa'ad da rumfa ta ke cike, ciniki yana tafiya, mutum ba ya tambayar kome. Tulu cike ba ya karɓar ruwa. Amma ran da wuta ta ci kaya, mai bin bashi ya tsaya a ƙofa, abokan cin tuwo suka watse, sai ya fara tambaya: a kan me na dogara? Wa ya san da ni?

Wahala kanta ba ta ceton kowa. Ta kan kai wani gidan boka, wani gidan giya, wani kuwa ya fid da zuciya sarai. Aikinta kaɗai shi ne ta buɗe ƙofa. Abin tambaya, wa za ka bari ya shigo?

Cikin Linjila ta hannun Luka, sura 15, Yesu Almasihu ya ba da misalin wani saurayi da ya karɓi gādonsa, ya tafi ƙasa mai nisa, ya ɓatar. Muddin kuɗi na aljihu bai tuna gida ba. Sai da yunwa ta kama shi ya komo cikin hankalinsa. Ya dawo da kunya, ba tsaraba, ga tsumma. Uban kuwa ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙa a guje ya rungume shi. Ku da ku ke baƙunci kun san nauyin komawa gida hannu wofi. Haka Allah ya ke karɓar mai tuba.

Ba na ce maka in ka ba da gaskiya rumfarka za ta cika gobe ba. Bangaskiya ba ciniki ba ce. Yesu kansa ya sha yunwa, abokansa suka gudu suka bar shi, ya mutu a kan gicciye saboda zunubanmu, a rana ta uku ya tashi. Domin haka ya san ciwonka, begen da ya ke bayarwa kuwa wuta ba ta cinsa, ba a kuma karya darajarsa.

Daren yau, in ka rufe rumfa, ka faɗa masa damuwarka da bakinka, ba sai da kuɗi ba. Allah ya ba mu zuciyar ji. Amin.