ADASHIN UMMA NE YA KOYA MINI AIKIN OFIS

 Tun ranar da na je bikin wata ƙawata a Gwammaja 'yan mata suka yanyame ni da tambaya, wai "Anti da gaske ne a kamfanin kuɗi na waya kike aiki, to me ake yi a ciki?" na ƙudurta a raina sai na rubuto muku labarin tiryan-tiryan, har da wurin da na sha kunya, don shi ne ma ya fi amfani.

Ni dai tattalin arziki na karanta a Jami'ar Bayero, na gama a 2019, ban taɓa rubuta manhajar kwamfuta ko layi ɗaya ba. Bayan bautar ƙasa na yi zaman jiran aiki har na gaji, sai a 2021 Yayana da ke zaune a Agege ya bugo waya cewa wani kamfani a Legas yana neman mai jin Hausa da Turanci da za ta riƙa amsa koken kwastomomi. Irin kamfanonin nan ne da ake kira fintek, wato masu hada-hadar kuɗi ta waya da na'urar POS ba tare da mutum ya taka ƙafa zuwa banki ba. Kada ku raina su. Paystack da wasu samari biyu, Shola Akinlade da Ezra Olubi, suka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Kuma ba harkar maza ba ce zalla, domin a cikin waɗanda suka kafa PiggyVest a 2016 akwai mace, Odunayo Eweniyi, kuma dabarar tasu ba wata ba ce illa asusun nan da muke jefa kuɗi a ciki muna yara, suka mayar da shi cikin waya.

Da kyar da siɗin goshi Abba ya amince, shi ma don a gidan Yaya zan zauna. Gwaggo kuwa cewa ta yi, "Yanzu 'yar nan ga mijin aure a hannu, an kusa sa rana, za ku tura ta Ikko cin kuɗin ruwa?" Shi kuma mutumin nawa bai ce uffan ba, sai dai ranar da ya zo sallama ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "Shekara ɗaya na ba ki." Na ce to, zuciyata tana dukan uku-uku.

Aikin amsa waya ba shi da wata daraja a idon mutane, amma a nan na samu abin da ya ɗaga ni. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kafin ka ce kwabo farkon 2023 takardar kuɗi ta zama gwal. Kun dai tuna, mai tumatir tiransifa, mai Adaidaita tiransifa, layi a gaban mai POS kamar na gidan mai. Wayoyinmu ba sa minti ɗaya a ajiye. Sai na sayi littafi mai bango ja, duk wanda ya bugo na rubuta kokensa da kalmominsa, daddare in na koma gida na ware su kashi-kashi. Abin da na gano shi ne mafi yawan masu bugowa da Hausa magana ɗaya suke yi: "An cire min kuɗi, shi kuma ya ce bai ga alat ba." Kuɗin ba ɓata ya yi ba. Idan ka tura kuɗi zuwa wani banki, saƙon yakan bi ta wata cibiya da ake kira NIBSS mai haɗa bankuna, in bankin can bai amsa da wuri ba sai kuɗin ya tsaya a tsakiya har a tantance. Amma mu kalmar Turanci guda ɗaya tal muke nuna wa mutum a fuskar waya, ba bayani, ba lokaci. Shi ke nan sai mai saye da mai sayarwa su kama kokawa a bakin shago, kowa yana ganin ɗan'uwansa ɗan damfara ne.

Na rubuta takarda shafi biyu na kai wa shugabar sashen tsara haja, hannuna yana rawa. Na ce a faɗa wa mutum da Hausa cewa kuɗinsa yana hanya, a ba shi lambar shaida da zai nuna wa mai kaya, a kuma gaya masa lokacin da zai dawo masa in bai shiga ba. Bayan sati biyu ta kira ni ta ce, "Kin san abin da kika yi shi ne aikinmu?" Haka na zama mataimakiyar furodak manaja, wato mai kula da haja.

To mene ne aikin? Haja a wurinmu ba atamfa ba ce ko sabulu, duk wani abu ne da kwastoma zai danna ya amfana, kamar tura kuɗi ko biyan kuɗin wuta ko ajiya. Injiniyoyi ne suke gina shi, mai zane ya tsara yadda zai fito a fuskar waya, sashen bin doka ya duba ko Babban Banki ya yarda. Ita mai kula da haja tana tsakiyarsu, ita ce za ta ce ga matsalar da za mu warware, ga wanda take damu, ga dalilin da ya sa ita za a fara yi kafin waccan. Kamar uwar biki ce, ba ita ke tuƙa tuwo ba, ba ita ke kiɗa ba, amma in abinci bai isa ba sunanta za a kira. Ba ni da ikon ba kowa umarni, sai dai na kawo hujja. Kullum da safe mukan yi taron minti 15 a tsaye, aiki kuma ana yanka shi sati bibbiyu, a ƙarshe a ga abin da aka gama. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne cewa a'a, ni da aka tarbiyyantar da ni kada na musa wa babba, sai ga shi dole na kalli manajan talla mai furfura na ce masa abin da yake so sai wata mai zuwa.

Shekarar da aka ba ni ta cika har ta wuce, aka ɗaga maganar sa rana sau biyu, wayar mutumin nawa ta fara ja baya. A cikin wannan hali aka ba ni hajata ta farko ni kaɗai, kuma ni na kawo shawarar: adashi a waya. Na ce ai wannan a gidanmu na tashi na gan shi, Umma ta fi shekara 20 tana uwar adashi a unguwarmu. Saboda wannan taƙama ban tambayi kowa komai ba. Daga kan kujerata a Legas na tsara cewa ranar zubi na'ura za ta cire kuɗin da kanta, a jera masu kwasa ta hanyar ƙuri'a don a yi adalci, kuma duk wadda ta kwasa a tura mata saƙon taya murna da adadin kuɗin ɓaro-ɓaro. Wata uku injiniyoyi suna wannan aiki. Da aka gama na ɗauko shi zuwa Kano ina ta fankama, na roƙi Umma a gwada da matan adashinta.

Wayyo 'yan'uwa! Tun ranar farko na ga alama. Wasu ƙaramar waya ce da su mai madannai, manhajar ba ta hawa. Wasu ba su da BVN, lambar shaidar banki da aka fara tun 2014, ga shi a ƙarshen 2023 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu sai da BVN ko lambar katin ɗan ƙasa. Waɗanda suka samu shiga kuwa, wasunsu da lambar maigida ko ta babban ɗa suka yi rajista. Ban kawo komai a raina ba.

Zagaye na biyu wata baiwar Allah mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta kwasa. Kuɗin kayan ɗakin 'yarta take tarawa a ɓoye, kwano-kwano. Saƙon taya murnata sai ya faɗa wayar maigidanta yana zaune a majalisa. Da yamma ya shigo ya ce ta ara masa zai juya kafin biki. Ta zo gidanmu ta zauna a tsakar gida tana sharar hawaye da gefen mayafi, ba ta zage ni ba, ba ta ko ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "'Yar nan, me na yi miki kika tona min asiri?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Bayan ta tafi Umma ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce, "Ke a zatonki adashi lissafi ne? Da lissafi ne da ba a neman uwa." Ta buɗe min tsohon littafinta. Nan na ga yadda take sauya layin kwasa, wadda haihuwa ta taso mata ko aka kwantar da ɗanta a asibiti a ba ta kwasar wata, waccan ta jira da yardarta. Wadda ciniki ya yi mata nauyi a ɗaga mata ƙafa kwana uku, wani lokaci Umma ta zuba mata daga aljihunta ba wanda ya sani. Ita kuwa na'urata ba ta san uzuri ba, ranar zubi in ba kuɗi sai ta sanar da kowa cewa wance ta gaza. Ashe shekara da shekaru ina ganin kuɗin yana shiga yana fita, ban taɓa ganin aikin ba.

Kuɗin matar nan Umma da Abba ne suka shiga tsakani har aka dawo mata da mafi yawansa, ragowar na cika daga albashina. Sannan na koma Legas na tsaya a gaban mutanen da suka yi wata uku suna wahala na ce musu kuskuren nawa ne, ban tambayi masu abin ba. Na zaci kora ce. Shugabata ta ce, "Mata nawa kika zauna da su kafin ki rubuta tsarin?" Na ce ko ɗaya. Ta ce to na koma na zauna da su.

Sati uku na yi ina shiga gidaje da rumfuna, daga Kurmi zuwa Kasuwar Rimi, bakina a rufe kunnena a buɗe. Sabon tsarin da muka fitar yana aiki da lambobin nan da ake dannawa a ƙaramar waya ba sai da data ba. Uwar adashi ce take da ikon sauya layi da ɗaga ƙafa. Saƙo ba ya ɗauke da adadin kuɗi, sai mace ta sa lambar sirrinta za ta gani. Kafin rajista kuma tambayar farko ita ce, wayar nan taki ce ke kaɗai?

Game da maganar Gwaggo ta kuɗin ruwa, ba zan ce muku ba ta da gaskiya ba. Akwai kamfanonin bashi na waya masu ɗora ruwa mai nauyi, in mutum ya makara su bi lambobin wayarsa suna aika wa dangi da surukai saƙon cin mutunci, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Don haka duk wadda aka kira ta ganawar ɗaukar aiki, ta tambaya ƙarara, ta ina kamfanin nan yake samun kuɗinsa, kuma yana da lasisin Babban Banki? Ni sashena ladan tura kuɗi ne abincinsa, kuma sai da na kai wa malamin Islamiyyarmu bayanin kafin hankalina ya kwanta. Akwai ma bankunan da ba sa harkar ruwa sam, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma suna da manhajoji.

Ƙannena masu sha'awa, ku riƙe lissafi, ku kuma koyi rubuta bayani gajere wanda ba ya buƙatar a sake tambaya, don rabin aikin rubutu ne. Ku koyi Excel, daga baya ku ƙara da SQL, wato hanyar da ake tambayar rumbun bayanai ya ba da amsa. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sa kula da haja a cikin darussansa. In kuma ƙofar amsa waya ce ta buɗe muku, ku shiga da littafinku a hannu. Hausar da kuke ganin ba komai ba ce, ita aka ɗauke ni aiki dominta.

Na san abin da kuke jira ku ji. Bayan wannan zama da na yi da mata, kamfani ya ga ya fi masa riba na zauna a Kano, ina leƙa Legas lokaci-lokaci. Mutumin nawa ya dawo da fara'arsa, amma wannan karon ban yarda an bar maganar aiki a tsakanina da shi a zaure ba, na roƙi Abba ya faɗe ta a gaban waliyyai kafin a sa rana, kowa ya ji ya amsa. Ranar kai ni Gwaggo ce ta riƙe hannuna har bakin gado tana ta nasiha, da za ta fita sai ta dawo da baya ta zaro 'yar wayarta daga ƙugu, ta rage murya ta ce, "Ke, abin nan naku na adashi, in na shiga Malam ba zai gani ba ko?"