Kafin a yar da tabarau: abin da ya kamata a sani game da aikin gyaran gani

Masu fama da rashin ganin nesa da yawa a Kano sun gaji da gilashin magani, kuma masu hali na tafiya Masar ko Indiya ko Dubai a yi musu aikin da zai raba su da shi. Aikin da aka fi yi iri biyu ne: ko a gyara siffar koniya da leza, kamar LASIK, ko a dasa ƙaramin madubi a cikin ido, bayan baƙin ido, gaban madubin da Allah ya halitta, wanda ake kira ICL.

Koniya ita ce fata mai garai-garai da ke gaban ido, wadda hakiya ke fitowa a kanta. A bayanta, ta ciki, akwai shimfiɗa ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta da ke tsotse ruwa daga cikinta dare da rana. Baligi na da ƙwayoyin kimanin 2,500 zuwa 3,000 a kowane murabba'in milimita, suna raguwa kaɗan-kaɗan da shekaru, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Maƙwabtanta ne ke buɗewa su cike gurbin. In suka yi ƙasa da kusan 500, koniya ta kumbura, gani ya dushe, sai dai a nemi dashen koniya.

Leza a saman koniya take aiki, ba kasafai take taɓa waɗannan ƙwayoyi ba. Nata haɗarin daban: bushewar ido, wadda hunturun Kano da ƙurarsa ke tsananta, da kuma bankarewar koniya ga wanda tasa ba ta da kauri. Dashen madubi kuwa shiga cikin ido ne, don haka ana asarar wasu ƙwayoyin lokacin aiki. Shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka, wadda ta amince da irin wannan madubi a 2005, ta gindaya sharaɗin a ƙirga su tukuna, a kuma auna zurfin gaban ido. Wannan ba ya nufin leza ta fi. Ga mai lambar gilashi babba ko siririyar koniya, sau da yawa dashen ne ya dace.

Inda mutanenmu ke sakaci shi ne bayan dawowa. Gani ya washe, an yi godiya, an jefa takardun asibiti cikin durowa. Alhali raguwar ƙwayoyin ba ta ciwo. Wanda aka yi wa dashen madubi ya karɓo rubutaccen adadinsu kafin aiki da bayansa, ya riƙa zuwa awo kowace shekara, har da awon hawan jinin ido, domin in adadin na zubewa da sauri ana iya ciro madubin. Mazauna Kano suna iya farawa da sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi, su tambayi likita inda ake wannan ƙirge.