Tsohuwar 504 A Kontagora: Mai Ita Shi Ne Bakanikenta

Daga Wakilinmu Na Arewa

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun da ya taɓa hawa hanyar Sakkwato ya san Kontagora. In ka wuce Ilori, ka ƙetare gadar Jebba, ka bar Mokwa, nan ne za ka huta kafin ka doshi Yawuri. A garin Sarkin Sudan har yanzu akan ga tsohuwar Peugeot 504, wadda mu ke kira Fijo, ko da ya ke ta yi ƙaranci. Galibi a-kori-kura ce mai ɗauko masara da wake daga ƙauyuka, fenti ya koɗe, ƙofa sai an ɗaure da igiya.

A Faransa aka fara ƙera ta cikin 1968. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna cikin 1975, aka yi ta fitar da 504 a nan har wajen 2006, bayan Turai ta daɗe da barinta. Watau ko wadda ta fi ƙuruciya cikinsu ta yi kusan shekara 20. Da Naira ta faɗi bayan tsarin SAP na 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai kowa ya rungumi tsohuwarsa, ya koyi halinta.

Abin da ya raya ta shi ne ba ta ɓoye ciwonta. In ta ƙi tashi da safe, mai ita ya san inda zai duba: mai bai zuwa, ko wuta ba ta zuwa. Zai goge kan batir, ya kwance filogi huɗun nan ya kankare baƙin da ya taru, ya buɗe kontak ya goga masa 'yar takarda mai yashi. In mai ne, ya cire jet na kafireta ya hura da baki. In duk ta ƙi, yaran unguwa na nan, a tura a sa giya ta biyu a saki kuloci. Ko injin ne ya gaji har ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, ba a jefar da shi, domin silif ɗinsa na cirewa ne, a sa sabo da fistin da zobba, mota ta koma bakin aiki. Wannan kam aikin gareji ne, amma mai motar yakan zauna a kai har a ɗaure kusa ta ƙarshe.

Shi ya sa ba ka raba but ɗinta da sifana mai lamba 10 da 13, da filaya, da fambel na safaya, da jarkar ruwa, da guntun waya, da robar tsohon tub. Sabulu ma yana da aiki: in tanki ya tsage a hanya, a murza a liƙe, ya kai ka gari.

To, amma akwai dabarar da ba dabara ba ce. Wadansu in man birki ya ƙare sai su kaɗa ruwa da garin sabulu su zuba. Wannan wasa da rai ne, don ruwa yana tafasa in birki ya yi zafi, sai ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa, ga lodi a baya, ga fasinja a kan buhuna. Haka masu ɗaure tayarod da roba. Lagireto in ya yi yoyo ka yi masa duk abin da ka ga dama, iyakarta inji ya ƙone, asarar kuɗi ce. Birki da sitiyari da taya kuwa ba a yi musu rowa. Kuma lalacewa a daji yanzu ba kwanan sauro kaɗai ba ne. Tun satar 'yan makarantar Islamiyya a Tegina cikin 2021 kowa ya san halin da hanyoyin yankin nan su ka shiga, direba mai hankali ba ya yarda magariba ta same shi ƙarƙashin mota tsakanin gari da gari.

Inda maganar ta shafe ku, 'yan'uwa na Agege da Idi-Araba da Sabo, shi ne nan. Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi a kurmi, sai ya je Berger ta Apapa ya sayi 'yar Beljiyam mai sheƙi ya aika wa ƙaninsa ya yi haya. Motar nan kwamfuta ke tafiyar da injinta. Ranar da fitila ta kama a gaban direba, sifana ba ta da abin cewa, sai an nemo mai na'urar bincike, wani lokaci kuma kayan sai daga Kaduna ko Ikko. Ta yi wata guda a ƙarƙashin darbejiya, zumunci ya fara tsami, wa yana cewa an kashe masa mota, ƙane yana cewa an aiko masa da wahala.

Ban ce kowa ya koma 504 ba. Tana shan mai, kuma tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023 kafireta ta zama abokiyar gaba. Kayanta na asali ma sun yi wuya, jabu sun cika kasuwa, kontak ɗin da ya kamata ya yi shekara sai ya ƙone cikin mako. Amma kafin ka biya kuɗin kowace mota, ka bugo waya gida a tambayi kanikawan Kontagora irin wadda su ka saba buɗewa, da irin wadda kayanta ke kan kanta a garin. In kuwa ɗan'uwanka yana da tsohuwarsa tana motsi, ka leƙa Ladipo a Mushin ka saya masa roban birki da kontak da fanfon ruwa masu kyau, ka ba direban da zai zo Sallah ya kawo masa.